Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Ƙudujin Gonar Baba

Makon jiya na tsaya a inda na dawo gida daga bautar ƙasa, da digirina na ilimin tsirrai a jaka da ɗan abin da na tara daga alawus. Wata uku na yi ina zaune. Yayana, wanda shi ya ɗauki rabin nauyin karatuna, ya kira ni ɗakinsa wani dare bayan isha'i.

"Na ji kana zancen digiri na biyu," ya ce. "A kan ganyen dai? Shekara huɗu ba su ishe ka ba? Ka nemi koyarwa a sakandare, ka fara kawo wani abu gida."

"Yaya, a ba ni lokaci in yi tunani."

Gaskiyarsa ce, domin yawancin waɗanda muka gama tare koyarwar suka kama, wasu kuma suka faɗa kasuwanci. Ni kaina a lokacin ba ni da wani dalili mai ƙarfi na komawa makaranta, in ban da ƙin zaman banza.

Dalilin ya same ni a gona. A watan Satumba na raka Baba duba dawarsa ta gabas da gari. Tun daga nesa na hango furen nan mai ruwan hoda ya rufe kunyoyi, dawar kuma ta tsumbure, ganyenta ya yi rawaya kamar an babbaka shi. Ƙuduji ne, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Baba ya tuge ɗaya ya miƙo mini.

"Kai da ka karanci tsirrai, mene ne wannan?"

Na ce sunansa Striga hermonthica, kuma yana manne wa saiwar dawa da gero da masara ne yana tsotse ruwa da abincinsu.

"Wannan na sani tun kafin a haife ka. Maganinsa fa?"

Na yi shiru. Baba bai ƙara cewa komai ba, ya ci gaba da tuga yana tarawa a gefen gona. Har muka iso gida shirun nan yana cina.

Bayan kwana biyu na tafi wurin wani tsohon malamina a jami'a. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce digiri na biyu ba ya zuwa da takardar ɗaukar aiki, amma yana buɗe ƙofofin da na farko ba ya buɗewa: koyarwa a jami'a ko kwalejin ilimi, ko aikin bincike a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, inda ake fitar da irin dawa na SAMSORG da masarar SAMMAZ da waken SAMPEA. Ya ambaci cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa: IITA ta Ibadan mai reshe a Kano, da ICRISAT da ke aikin gero da dawa a Sadore kusa da Yamai. Mai son itatuwa akwai cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan, mai son tsirran magani akwai cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Abuja, ga kuma kamfanonin iri.

"Amma ɗana," ya ce, "guraben kaɗan ne, masu nema da yawa. Wanda ya shigo don ya gaji da zaman gida, rabin hanya yake sauka. Wace tambaya ce ke hana ka barci?"

"Ƙuduji, Malam."

Ya yi murmushi, ya ce in je in sayi fom.

Shekarar farko ta darussa ce: aikin jikin tsiro, gadon halitta, lissafin ƙididdiga. Ba zan tsaya a kanta ba. A shekara ta biyu, cikin ɗakin gwaji, na fara sanin abokin gabar Baba da gaske. Ƙwayar ƙuduji ƙanana ce kamar ƙura, tsiro ɗaya yana zubar da dubun dubatarta, kuma tana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma tana jira. Ruwan sama kaɗai ba ya tsirar da ita. Sai ta yi kwanaki cikin danshi da ɗumi, sannan ta ji wani sinadari da saiwar dawa ke fitarwa, shi ne za ta farka ta miƙa ta kama saiwar. Makonni take yi tana ɓarna a ƙarƙashin ƙasa. Kafin manomi ya ga fure, ta riga ta ci rabonta. A nan na gane dalilin da tugar Baba ba ta ceton dawar bana, sai dai ta rage irin baɗi, shi ma in an tuge kafin fure ya zubar da ƙwaya.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne, akwai tsirran da ke fitar da irin wannan sinadari alhali ƙudujin dawa ba ya iya rayuwa a jikinsu: auduga, waken soya, gyaɗa. Daga saiwar auduga ma aka fara ware sinadarin a 1966. Ƙwayar tana jin kira ta tsira, ta rasa abin kamawa, cikin 'yan kwanaki ta mutu. Tsofaffinmu da ke karɓa-karɓar dawa da gyaɗa da auduga, wani ɓangare na wannan yaƙi suke yi. Da suka ce ƙuduji ciwon gajiyayyar ƙasa ne, nan ma sun faɗi daidai, domin dawar da ke ƙasa marar taki ta fi fitar da sinadarin.

Aikina shi ne gwada nau'o'in waken soya, in ga wanne ya fi yaudarar ƙwayar. Nakan jera ƙwayoyin a kan 'yar takarda mai danshi cikin faifan gilashi, in sa gutsuren saiwa a tsakiya, in dawo in ƙirga waɗanda suka tsira ɗaya bayan ɗaya ta madubin ƙara girma, har idona ya yi ja. Kuɗin makaranta kuwa daga darasin yamma da nake yi wa yaran unguwa suke fitowa, sai abin da Yaya ke turowa ba tare da ya sake tayar da waccan maganar ba.

Da hutu ya zo na roƙi Baba ya ba ni rabin gonar gabas in sa waken soya na damina biyu. Ya daɗe yana kallona.

"In ba dawa a rabin gona, tuwon gidan nan fa?"

Yadda muka ƙare da shi a wannan dare, da abin da Inna ta faɗa wanda ya sauya maganar, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.