Bashin da muka tarar a mita

Asabar. Mun wayi gari a sabon gida, kwalaye har bakin kicin, Auta kuma ta gano matakalar bene wurin wasa ce. Ni dai murna nake, ko ba komai na rabu da hawa hawa uku da kayan cefane a sanyin Bradford.

Ina ɗora shayi wuta ta ɗauke. Wallahi sai da bakina ya ce “NEPA!” kafin hankalina ya dawo Ingila.

Mitar gidan irin wadda ake loda wa kuɗi ce, makulli na lantarki, kati na gas. Abban yara ya ɗauki makullin da ejan ya bari a durowa, ya je shagon kwana mai PayPoint, inda ake loda kuɗin mita, ya saka fam 20. Ya dawo ya zura, abin da mita ta nuna ko rabi bai kai ba. Ya dube ni, na dube shi.

“Maman Auta, ke kika iya dogon Turanci, kira kamfanin wutar.”

Na kira. Bayan kiɗan jira mai sa barci wata mata ta ɗauka, mai sanyin murya. Ta tambayi ranar da muka karɓi makullin gida da lambobin da ke kan mita, Allah Ya taimaka na ɗauki hotonsu jiya. Ta ce waɗanda suka tashi sun cinye rancen gaggawa da mita ke bayarwa, ga tsohon bashi a kai, ga kuma kuɗin nan da ake cira kullum ko ka kunna ƙwai ko ba ka kunna ba, ya taru duk kwanakin da gidan yake rufe. Za ta turo lamba in karɓi sabon makulli a shago, kuɗinmu zai dawo.

Na ce ai mu muna da kamfaninmu a tsohon gida. Ta ce a nan duk wanda ya shiga gida yana hannun kamfanin da ya tarar, sai in shi ya nemi canji. Canjin kwana 5 ne na aiki, kuma kana da kwana 14 ka fasa. A Kano wa ya taɓa tambayarka wane kamfani kake so? Wuta ɗaya ce, gas kuma ka ɗauki tukunyarka ka je a cika.

Sai na tambaye ta, bashin fa, wa zai biya?

Ta ce, “Ba naki ba ne. Zai bi su.”

Da kirki ta faɗa, don ta kwantar mini da hankali. Amma maganar ta tsaya mini a rai yini guda. Zai bi su ina? A ɗakin baya akwai ma'aunin tsawon yara da aka zana da fensir a jikin ƙofa, layi biyu, ɗaya bai wuce kafaɗar Auta ba. Bangon bayan labule ya yi baƙi da danshi, kuma duk wanda ya yi hunturu a ƙasar nan ya san gidan da ba a kunna masa hita. Wasiƙu uku na tarar a ƙasan ƙofa da sunan matar da ta tashi daga gidan, ban buɗe ba, jan rubutun kan ambulan ya isa.

Abban yara yana kan waya tun la'asar yana gwama farashi. Wai Ofgem, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin wuta da gas, na sauya iyakar farashi duk wata uku, don haka gara mu shiga tsarin da farashi ba ya motsi na shekara kafin Janairu. Na ce ya zaɓi duk wanda ya ga dama. Ya ce me ya same ni, na ce gajiya.

Umma ta kira ta yi mana barka da tarewa, ta ce a yi sadaka ko ta dabino ce.

Tsohon kamfani na tura musu karatun mita na ƙarshe. Sauran intanet, da kwandon shara da ban san ranar fitar da shi ba. Gobe aikin dare.