Kalmar "square" da kusurwar ɗakina

Lokacin da na tashi shimfiɗa karo, wato tayil na daɓe, a ɗakin da na gina a bayan gidanmu a nan Maradi, an haɗa ni da wani magini Bakatsine, daga cikin masu shigowa aiki ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Ko jakarsa bai ajiye ba ya ƙura wa kusurwar gabas ido, ya ce: "Alhaji, ɗakin nan ba ya kan sukwaya." Ni da na yi lakwal da Faransanci, na san cewa "square" ita ce carré, wato murabba'i, siffa mai gefe huɗu masu tsawo ɗaya, don haka na amsa masa cewa dama ban yi niyyar murabba'i ba, mita 4 ne da mita 3. Sai ya yi murmushi, ya ciro awonsa, ya auna santimita 60 a jikin bango ɗaya da 80 a ɗayan, sannan ya auna tsakanin alamomin biyu. Ya ce in kusurwa ta miƙe, dole a samu 100 cif. Mu kuwa 103 muka samu.

A ranar na gane cewa kalmar tana da ma'ana fiye da wadda aka ba mu a aji. A bakin magini da kafinta, "square" tana nufin kusurwa mai digiri 90, kuma ita ce sunan ƙarfen nan mai lanƙwasa da suke gwada ta da shi, wanda maginanmu suke kira équerre. Abin da ya fi burge ni shi ne kalmomin biyu 'yan gida ɗaya ne: Ingilishi ya aro tasa daga tsohon Faransanci, asalinta kuma kalmar Latin ce mai alaƙa da huɗu, kamar yadda murabba'i ta fito daga Larabci, dangin arba'in.

Wajen furuci, Bature yana faɗinta da gaɓa ɗaya tak, yana jera baƙaƙe uku, s da k da w, ba tare da wasali a tsakaninsu ba. Hausa ba ta yarda da irin wannan cunkoso a farkon kalma, shi ya sa muke saka wasali mu mayar da ita gaɓa uku, sukwaya. Mutanen Amurka suna fito da harafin r na ƙarshe, yawancin mutanen Ingila kuwa suna haɗiye shi, kuma da yake Ingila ce ta mallaki Najeriya, ba abin mamaki ba ne da babu r a cikin tamu.

Ana kuma kiran dandalin gari da wannan suna ko da siffarsa ba murabba'i ba ce. Akwai Eagle Square a Abuja, inda ake rantsar da shugaban Najeriya, akwai kuma Times Square a birnin Niyok, wanda ya samu sunansa a 1904 daga wata jarida, alhali ya fi kama da alwatika biyu da suka haɗa kai.

A kasuwa dai, inda za ka fi jin ta shi ne wajen awon fili da karo, sukwaya mita. Ɗakina murabba'in mita 12 ne, kuma da karo mai santimita 40 kowane gefe, lissafi ya ba da guda 75. Maginin ya sa na ƙaro kwali ɗaya, domin duk layin da ke bin bangon gabas sai da ya yanke shi a karkace, kowane karo ya ɗara na bayansa faɗi kaɗan.