Koren maki ba shi ne shaidar saurin shafi ba

A aikin gyaran shafukan intanet, tambayar da ta fi nauyi ita ce wadda shugaban aiki yake yi bayan an kammala: "To, shafin ya ƙara sauri kuwa?" Rage nauyin hotuna, mayar da su WebP (tsarin hoto mara nauyi), cire tarkacen tallace-tallace, duk wannan ana gama shi da wuri. Tabbatar da cewa mai karatu ya ji bambancin a wayarsa, nan ne aikin yake.

Yawancinmu Lighthouse, manhajar gwada saurin shafi, muke fara buɗewa, tunda kyauta ne kuma yana cikin Chrome. Yana ba da maki daga 0 zuwa 100, daga 90 sama ya yi kore, sai hankali ya kwanta. Amma kwamfuta ce kawai take kwaikwayon waya mai matsakaicin ƙarfi a kan layin 4G mai jinkiri. Ka gwada sau biyu a jere, maki biyu daban za ka iya gani. Yana nuna inda ciwon yake, na yarda, kuma har yau ina amfani da shi don haka. Hukuncin ko an warke kuwa, a wurin masu shiga shafin ake samunsa.

A 2020 Google ya fito da ma'aunan Core Web Vitals, masu auna yadda shafi yake aiki a hannun masu ziyara. LCP, wato lokacin da babban hoto ko rubutun shafi yake bayyana, kada ya wuce daƙiƙa 2.5. CLS, mai auna tsalle-tsallen da shafi yake yi yayin buɗewa, kada ya haura 0.1. INP, wanda ya maye gurbin tsohon ma'aunin FID a watan Maris na 2024, yana auna jinkirin amsawa idan an taɓa allo, iyakarsa milisakan 200. Abin da ya fi tasiri a kaina shi ne sharaɗin da aka gindaya: sai ziyara 75 cikin 100 sun cika ma'aunin. Matsakaicin lissafi yana ɓoye mai ƙaramar Itel ko Tecno da netwok ɗinsa ke hawa yana sauka, alhali a shafin labarai na Hausa shi ne mai karatun da muka fi yi wa aiki.

Sai kuma haƙuri. Bayanan CrUX, wato na ainihin masu ziyara da Chrome, da ake gani a shafin gwajin sauri na PageSpeed Insights, na kwana 28 ne a dunƙule, don haka gyaran jiya ba zai fito sarai yau ba. Ba su kuma ƙunshi masu iPhone ko masu Opera Mini ba. Shi ya sa nake saka wa shafi ma'auninsa na kansa, mai tattara bayanai daga wayoyin masu ziyara.

Kwatanta watan jiya da na yau ma yana da haɗari. Idan azumi ya shigo, lokutan karatu sukan canza. Ranar sakamakon zaɓe baƙi sukan kwararo daga Facebook, wayoyinsu ba su taɓa adana komai na shafin ba, sai a ga LCP ya lalace ba tare da an taɓa komai ba. Abin da na fi amincewa da shi yanzu shi ne raba masu ziyara gida biyu a lokaci guda, rabi su ga tsohon tsari, rabi su ga sabo, sannan a ware masu waya daban da masu kwamfuta. Tare da daƙiƙoƙin ina duba mutum nawa ne suka fita kafin shafin ya buɗe, da nawa ne suka wuce zuwa labari na biyu.