Laraba: tambarin da ya narke a kusurwar allo

Aikin yau guda ɗaya ne, amma ya cinye wuni: tambarin wani sabon shirin talabijin da zai zauna a kusurwar allo, da mabuɗin shirin, wato ɗan bidiyon da ke buɗe shi da sunansa, mai daƙiƙa biyar. Mai aikin ya iso da hantsi, ɗauke da zanen da aka yi masa a wani wuri. Idan ya cika fuskar kwamfuta gwanin sha'awa ne: ruwan zinare mai sheƙi, inuwa a ƙarƙashi, taswira a tsakiya, siraran layuka bakwai sun kewaye ta, ga sunan shirin da takensa duk a ciki. Da muka rage tsayinsa zuwa fiksel 120 (fiksel shi ne ɗigon da ke haɗa hoto a allo), girman da zai ɗauka a allo mai 1920 da 1080, sai komai ya cakuɗe. Layukan suka haɗe, taken ya ɓace, zinaren ya koma kamar an ɗiga manja a takarda.

"Malam, ai a can ya fi haka kyau," in ji Alhaji, mai aikin. Muka tura masa a waya. Ya nisanta ta, ya matso da ita dab da ido, ya yi shiru, sannan ya ce a yi abin da ya dace.

Wannan matsala ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1951 William Golden ya zana wa tashar CBS ta Amurka tambarin ido: baƙar da'ira, farin ido a cikinta, ƙwayar ido a tsakiya, shi ke nan. Akwatunan talabijin na lokacin ƙanana ne, fari da baƙi, layi 525 ke haɗa hoton, eriya kuma kan kawo shi da yayyafi. Duk wani ƙaramin ado mutuwa yake yi a hanya. Ga shi an haura shekara 70 idon yana nan kusan yadda aka zana shi. Tashar NBC, ita ma ta Amurka, ta fito da tambarin dawisu a 1956, lokacin da uwar kamfaninta RCA ke son mutane su sayi talabijin mai launi. Gashin jelarsa 11 ne da farko, a 1986 aka mayar da su 6. Mai zane Paul Rand ya ba tashar ABC nata a 1962, ƙananan haruffa uku cikin baƙar da'ira. A ganina allon waya ya dawo da mu daidai inda waɗannan mutane suka tsaya, domin hoton shafin Facebook ko WhatsApp bai kai faɗin farcen babban yatsa ba.

Don haka muka fara da cire launi gaba ɗaya. Tambarin da bai tsaya da ƙafarsa a baƙi zalla ba, launi ba zai cece shi ba. Taswira da inuwa suka tafi, taken ya koma cikin mabuɗin shirin inda yake da fili. Layuka bakwai suka zama biyu, kaurin kowanne fiksel 6, tazarar da ke tsakaninsu ma haka. Akwai dalili. Tsarin watsa hoton talabijin na PAL da Najeriya ke bi yana da layi 625, 576 ne ake gani, kuma hoton rabi-rabi yake zuwa: layukan mara, sannan na cika, sau 50 a daƙiƙa. Layin kwance mai kaurin fiksel ɗaya zai faɗa cikin rabi guda kawai, sai ya riƙa bayyana yana ɓacewa, mai kallo ya ga yana rawa. Idan tasha ta rage hoto daga 1080 zuwa 576, fiksel 6 zai koma kusan 3, ya tsira.

Sai zancen gefe. Tsofaffin akwatuna masu ƙaton baya suna cinye bakin hoto, kuma har yau ana kallo da su a gidaje da shaguna. Tsohuwar ƙa'ida ita ce rubutu ya zauna cikin kashi 80 na tsakiyar allo, wato a bar fiksel 192 dama da hagu, 108 sama da ƙasa. Sababbin ƙa'idoji sun sassauta zuwa kashi 90, amma tsohuwar muka bi.

Wurin da ya fi cin lokaci shi ne haruffa. Sunan shirin yana da ƙ da ɗ, samfurin haruffan da aka zaɓa tun farko kuwa ba shi da su. Abin da manhaja ke yi a nan shi ne ta aro harafin daga wani samfuri a ɓoye, sai ka ga ƙ siririya tsakanin haruffa masu kauri, ko ɗan akwati a gurbinta. Wasu kan share lanƙwasar su huta, alhali ƙafa daban, kafa daban. Wannan abu yana damuna ƙwarai duk lokacin da na gan shi a fastar fim. Samfuran haruffa Noto Sans da Andika suna da ƙ, ɗ, ɓ da manyansu. Muka ɗauki na farkon, muka ƙara wa lanƙwasar kauri kaɗan don kada ta narke idan an rage, sannan muka mayar da rubutun zane, ta yadda ko kwamfutar tasha ba ta da samfurin ba abin da zai canza.

Bayan la'asar muka shiga mabuɗin. Zamanin finafinan da ba su da murya, da hannu ake rubuta sunaye, fari a kan baƙin kwali, a ɗauka da kyamara. Mai zane Saul Bass ne ya nuna cewa mabuɗi zai iya faɗin abin da fim ya ƙunsa: a fim ɗin The Man with the Golden Arm na 1955, fararen sanduna ne kawai ke shigowa a baƙin allo, daga ƙarshe su rikiɗe su zama karkataccen hannu, fim ɗin kuwa a kan shaye-shaye yake.  A namu mabuɗin, abu ɗaya muka bari ya motsa, layukan nan biyu. Daƙiƙa biyar firam 125 ne, wato hoto 25 a kowace daƙiƙa: 25 na shigowa, 75 sunan yana tsaye cak, 25 na fita. Yaron shago ya karanta sunan da ƙarfi sau biyu kafin ya ɓace, ya isa ke nan.

Alhaji ya so jan rubutu a kan baƙi. Muka gwada, gefen haruffan ya jeme, saboda bidiyon da aka matse yana ajiye bayanin launi a rabin yawan fiksel ɗin da yake ba haske ta kowace fuska, ja kuma shi ya fi shan wahala. Fari ya maye gurbinsa, layukan suka zama rawaya mara sheƙi.

Saura bana, wato ledar talla, ta ranar ƙaddamarwa. Rawayar allo ba ita ce rawayar tawada ba, don haka an mayar da fayil ɗin CMYK, tsarin launukan tawada na injin bugawa: rawaya 100, majenta 20. Gobe da safe za a fara buga ɗan yanki mai girman A4 a kan ledar banar kanta, a duba shi a hasken rana, kafin a saki mita uku.