Ƙyallen da na jefa a kashi na huɗu

Ƙannena, musamman ku da kuke raba dare kuna kallon ƙwallon ƙafar Amurka a waya, da ku 'yan kaɗan da karatu ya kai can har kuka fara sha'awar saka rigar rafali mai zanen baƙi da fari, ga labarin ranar da na yi hukunci daidai da littafi amma na zalunci wani yaro. Shekaru sun wuce, har yanzu idan na ga lamba 74 a bayan riga sai gabana ya faɗi.

Kafin na zama rafali ɗan kallo ne ni, kuma mai baki. A gidan da muke haya lokacin karatu, duk ranar Asabar ta kaka muna gaban talabijin daga hantsi har dare, saboda Asabar ce ranar wasannin jami'o'i. Da zarar rawayen ƙyallen da ake jefawa idan an yi laifi ya faɗi, rafali ya fito yana mirgina hannuwa a gaban ƙirji ya ce jeri bai yi daidai ba, sai in miƙe in ce an saye shi. Ban san dokar ba ko kaɗan. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ne mafi arha, don babu wanda ya cutu sai maƙwabtan da na hana barci.

Dokar kanta ba ta da tsawo. 'Yan wasa 11 ne a ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo. A dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, waɗanda suke baya ba za su wuce 4 ba a lokacin da aka miƙa ƙwallo, wato sauran 7 dole su kasance a sahun gaba. A cikin na sahun kuma, aƙalla 5 su kasance sanye da lamba daga 50 zuwa 79, lambobin ƙartin da ba a yarda a jefa musu ƙwallo ba. Wanda ya karya wannan, a mayar da su baya yadi 5. Wahalar tana wurin tantance wane ne "a sahu". Ma'aunin shi ne ƙugun ɗan tsakiya, wanda ke duƙe a kan ƙwallo zai miƙa ta ta tsakanin ƙafafunsa. Ka ja layi a zuciyarka daga ƙugunsa zuwa gefen fili. Duk wanda kansa ya keta wannan layin, kafaɗunsa suna fuskantar gaba, yana sahu. Wanda kansa bai kai ba, ya fita, kuma idan an riga an sami 4 a baya, shi ne na 5, laifi ya tabbata.

Ba don kwalliya aka yi wannan doka ba. A farkon ƙarni na 20 ana tara ƙarti a baya, su sheƙo a guje a dunƙule su afka wa mutum ɗaya. A shekarar 1905 kaɗai an ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 18 a wasan, a cikin shekarar kuma Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan jami'o'in Harvard da Yale da Princeton fadar White House. A 1906 aka halatta jefa ƙwallo gaba, a 1910 aka wajabta mutum 7 a sahu. Yau kuma dokar tana da wani amfani: masu tsaro suna duban jeri ne su gane wa aka yarda ya cafe ƙwallo, wato mutum biyun da ke ƙarshen sahu da waɗanda ke baya. Idan jeri ya rikice, an ruɗe su ke nan ta hanyar da doka ba ta yarda ba.

To me zai sa ƙato ya ja baya da gangan? Wanda ke gefen ƙartin nan biyar aikinsa ya tare mai tsaron da zai zagayo ta gefe da gudu ya kayar da kwatabak, wato mai karɓar ƙwallo daga ɗan tsakiya ya jefa ta. Idan ya saci rabin taki baya tun kafin a miƙa ƙwallo, ya riga ya tare hanya. Rabin takin nan shi ne bambancin kwatabak ya jefa ƙwallo a tsaye ko a ɗauke shi a ƙasa. Kowane koci ya sani, kowane yaro ya sani, kuma duk suna gwada rafali a mintunan farko su ga iya inda zai bari.

Na fara da wasannin makarantun sakandare, daga baya aka ɗauke ni a rukunin ƙananan jami'o'i, irin waɗanda 'yan kallonsu iyaye ne da ɗalibai da tsofaffin gari. Matsayina alƙalin layi: ina tsayawa a bakin fili daidai inda ƙwallo take, abokin aikina yana can ɗaya gefen tare da masu jan sarƙar awo. Mu biyu ne masu duba sahu. Ranar da nake ba ku labari wata Asabar ce a Oktoba, sanyi ya fara shiga ƙashi, ciyawa ta jiƙe. Tun a jerin farko na ga mai lamba 74 a ɓangarena ya ɗan ja baya. Hular kwanonsa tana daidai cinyar ɗan tsakiya ta baya, ba ta kai ƙugu ba, tazarar ba ta fi tafin hannu ba. Na gani sarai. Na ce a raina, bari in ƙyale, ba a fara wasa da tsiya ba.

Gaskiyar magana tsoro ne. Sabo ne ni a tawagar, harshena ya bambanta da nasu, kuma ba na son a ce baƙon nan ya zo da ƙaƙale. Abin da ake koya mana kuwa a fili yake: ka ga ɗan sahu yana zamewa, ka yi masa magana, bai ji ba, ka gaya wa kocinsa, ya ƙi, ka jefa ƙyalle, idan kuwa ya fita fili ƙarara, ka jefa ba sai ka yi gargaɗi ba. Kuma ana nanata mana kada ka jira sai kashi na huɗu, wato na ƙarshen wasa, ka fara aiki da doka. Na haddace wannan, na ci jarrabawa a kansa. Amma a fili na haɗiye harshena. A kashi na biyu yaron ya ƙara ja, don ya ga babu mai ce masa uffan. Da aka tafi hutun rabin lokaci, shugaban tawagarmu mai farar hula ya tambaye ni ko akwai wani abu a sahu, na ce lafiya lau.

Kocin ɗaya ƙungiyar yana bayana tun daga farko, kuma shi ma yana da ido. Kowane jeri sai ya ce min 74 ba ya sahu. Tun ina yin kamar ban ji ba har maganar ta fara ci min rai, saboda na san gaskiya yake faɗa. Saura ƙasa da minti 2 a tashi, su 74 ana binsu maki 4, damarsu ta huɗu kuma ta ƙarshe. Suka jera, yaron ya tsaya daidai inda ya saba tsayawa tun azahar. Aka miƙa ƙwallo, hannuna ya kai ƙugu da kansa, ƙyalle ya tashi. Kwatabak ya jefa, aka cafe a bayan layin ƙarshe, maki 6, fili ya kaure da ihu, yara suna rungumar juna. Ni kaɗai na san abin da ke kwance a ciyawa kusa da ƙafata. Aka soke cin, aka mayar da su yadi 5, suka sake, ƙwallo ta faɗi ƙasa, wasa ya ƙare.

Kocinsu bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya tako har inda nake ya ce, "A nan yake tsaye tun da aka fara. Me ya canja?" Ban da amsa. Shi kuwa yaron ya cire hular kwano ya tsugunna a tsakiyar fili, ƙato mai nauyin buhun masara ɗaya da rabi, yana kuka kamar wanda ya jawo wa gidansu asara. A tunaninsa shi ya kayar da ƙungiyarsa. Ni na koya masa tsawon awa uku cewa wurin nan halal ne, sannan na kama shi a kansa.

Bayan kwana biyu mai kula da mu ya turo faifan bidiyon wasan da sharhinsa. Hukuncin ƙarshe ya ba shi maki, daidai ne. Sai ya bi jerin da suka gabata ɗaya bayan ɗaya yana sa alama a duk inda 74 ya tsaya a wuri guda ban ce komai ba. Na daina ƙirga da na wuce 20. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ko a masallaci liman kafin kabbara yake cewa a daidaita sahu, ba ya bari sai raka'a ta huɗu ya waiwayo.

Kuskure na gaba ya fi ban kunya, don haushi ne ya jawo shi. Asabar ɗin da ta biyo baya na shiga fili da niyyar wanke kaina. Kafin a gama kashi na farko na jefa ƙyalle sau 4 a kan jeri, ba gargaɗi, ba magana, har da wanda sai da na kanne ido ɗaya kafin na ga tazarar. Wasa ya tsaya cak, 'yan kallo suka fara ihu. Yaran wannan makon sun biya bashin da na ci a makon jiya, alhali ba su san ma an yi ba. A hutun rabin lokaci wani dattijo a tawagarmu, wanda ya fi shekara 30 yana wannan aiki, ya miƙo min kofin shayi ya ce idan koci biyu suka kalli faifaina na makonni biyun nan, za su rantse mutum biyu ne daban. Wannan shi ne ainihin abin da masu horarwa suke nema a wurin rafali. Za su iya zama da mai tsauri, za su iya zama da mai sassauci, sai su horar da yaransu daidai da shi. Wanda ba za su iya zama da shi ba shi ne wanda mudunsa yake canjawa daga safiya zuwa yamma.

Akwai wani ƙaramin abu da za ku riƙa gani a talabijin: mai cafe ƙwallo da ke can gefe yakan nuna rafalin bakin layi da yatsa kafin a fara. Tambaya yake, ina sahu ko ina baya? Rafali kuma yakan miƙa hannu ya nuna baya idan na kusa da shi ba ya sahu. Na taɓa gyaɗa wa wani kai hankalina yana kan agogo, Allah ya rufa asiri bai jawo komai ba. Idan ba ka duba ba, kada ka gyaɗa. A Disamba 2022, a gasar ƙwararru ta NFL, an soke maki 6 da Washington ta ci New York Giants a ƙarshen wasa saboda jerin ɗan wasanta Terry McLaurin, shi kuma ya ce ya tambayi rafalin gefe kafin a miƙa ƙwallo. Kuma a wasan buɗe kakar 2023 duniya ta ga Jawaan Taylor na Kansas City yana ja da baya dare guda ba a kama shi a kan jeri ba, sai a makonnin da suka biyo aka yi ta yi masa ruwan ƙyalle. Manya ma suna faɗawa ramin da na faɗa.

A matakin jami'o'i matsalar ta fi haka faɗi, kuma a nan zan ɗan kare abokan aikina. Littafin doka ɗaya ne, akwai kuma kujerar mai daidaita alƙalanci na ƙasa, wadda Steve Shaw ya hau a 2020. Amma rukunan jami'o'i, irin su SEC da Big Ten da Big 12 da ACC, kowanne shi yake ɗaukar rafalinsa, ya horar da su, ya ba su maki. A manyan wasanni mutum 8 ne a fili, yawancinsu kuma suna da wata sana'ar da suke ci da ita daga Litinin zuwa Juma'a. Abin da mai kula na wannan rukuni ya matsa a kai bana, na wancan zai iya kawar da kai. Ƙungiya ta yi wata uku tana wasa da mudu ɗaya, sai a wasannin ƙarshen kaka a kawo mata tawaga daga wani rukuni, don ba a son 'yan gida su yi alƙalanci, ta tarar da wani mudun. Bayan wasan Peach Bowl na 1 ga Janairu 2025 tsakanin Teksas da Arizona State, inda aka yi ta ce-ce-ku-ce kan wani karo da kai da ba a hukunta ba, shugaban Big 12 Brett Yormark ya fito ya nemi a samar da ma'auni ɗaya na ƙasa. Ina ganin yana da gaskiya. Sai dai ko an haɗa kowa a ofishi ɗaya, ofishin ba zai tsaya a bakin layi ya buɗe baki a minti na uku ya ce wa yaro ya matso ba. Ni ba tsarin rukuni ne ya rufe min baki a ranar ba.

Don haka ku masu kallo, idan kun ga an soke ci saboda jeri, kafin ku ce an sayi rafali ku mayar da faifan baya zuwa kashi na farko, ku nemi ƙugun ɗan tsakiya, ku dubi inda hular na gefe take. Idan a can ma haka yake tsaye ba a taɓa shi ba, fushinku yana da hujja, sai dai a kan shirun farko ya kamata ya sauka. Ku masu son shiga aikin kuma, ku saba da yin magana tun muryarku tana rawa.

Yanzu tun ana ɗumama jiki nake zuwa wurin kocin ƙartin sahu in ce masa zan duba ƙugu tun daga jerin farko. A jeri na biyu ko na uku, idan na ga wani ya zame, ina jira a busa usur in taka zuwa kusa da shi in kira lambarsa in ce ya matso rabin taki. Yawancinsu sukan ɗaga babban yatsa su gyara. Makon da ya wuce wani ya harare ni ta cikin ƙarfen hularsa, ya koma daidai inda yake. Na faɗa wa kocinsa. A jeri na gaba, saura minti 11 a kashi na farko, ƙyalle ya faɗi.