Inda Son Kai Ke Shiga Labaran Talabijin

Mai kallo yakan sa kunne ga bakin mai karanta labarai don ya kama shi da son kai, alhali an gama yanke hukunci tun a taron editoci na safe. A can ake tsara labarin da zai zo farko, da wanda za a jefa bayan talla, da wanda ba za a taɓa ba sam.

Lissafin lokaci ne ke tilasta wannan zaɓi. Shirin labarai na rabin awa, idan aka cire talla da kanun labarai da wasanni, abin da ya rage bai cika wuce minti 20 ba. Rahoto ɗaya yakan ci minti ɗaya da rabi zuwa biyu, mai karatu kuma yana furta kamar kalma uku a daƙiƙa. Ke nan labarin rikicin da ya shekara goma ana yi, dole a matse shi cikin kalma 270 zuwa 360. Wanda aka yi hirar minti goma da shi, daƙiƙa 15 za a ɗauka daga maganarsa, kuma mai tace hoto ne ke zaɓar inda almakashi zai sauka. Ba sai an yi wa mutum ƙarya ba: a yanke kafin ya ce "amma", shi ke nan an canza masa matsayi.

Sai matsalar hoto, wadda ita ce babba. Talabijin ba ya son labarin da babu bidiyo. Gwamna zai buɗe titi, motar fadar gwamnati ce za ta kwashi 'yan jarida, a tsayar da kyamara inda kwalta ta fi kyau, a samu rahoton minti uku. An kai hari ƙauyen da babu hanya babu sabis, labarin zai tsaya a jimla biyu a bakin mai karatu, a ɗora masa tsohon hoton gidaje na ci da wuta. Tashar kirki takan rubuta a kusurwar allo cewa hoton na ajiya ne. Wadda ba ta rubuta ba, ta riga ta yaudari mai kallo ko da duk kalmominta gaskiya ne.

A Najeriya, NTA da aka kafa a 1977 mallakar gwamnatin tarayya ce, tashoshin jihohi kuma na gwamnoni ne a aikace, don haka kowa ya san inda suka dosa. Dokar 1992 da ta kafa NBC, hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, ita ce ta buɗe ƙofa ga masu zaman kansu, Channels ta fara a 1995, AIT a 1996. Sai dai zaman kai bai raba tasha da mai ita ba, ballantana da mai biyan talla. Abin da ya fi cutarwa shi ne taron da aka biya kuɗi a ɗauka, a saka shi tsakiyar labarai ba tare da alamar cewa talla ce ba. Ga kuma fargabar tara: a Oktoban 2020 NBC ta ci Channels da AIT da Arise naira miliyan 3 kowace kan zanga-zangar EndSARS, a 2022 ta ci Trust TV miliyan 5 kan wani shiri da ta yi game da 'yan bindiga. A 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce hukumar ba ta da hurumin cin tara, amma editan da ya taɓa ƙonewa, da kansa yake sauke labari kafin a kira shi.

Kada a ɗauka tashoshin ƙasashen waje tsarkaka ne. Sun fi kayan aiki, sun fi tantance adadi, kuma sukan fito su gyara kuskure, wannan inganci ne na gaske. Amma Aljazeera da kuɗin Katar aka kafa ta a 1996, France 24 ta gwamnatin Faransa ce, sashen BBC na duniya yana karɓar tallafi daga gwamnatin Birtaniya. A Amurka, inda aka soke ƙa'idar bai wa kowane ɓangare dama a 1987, Fox News ta biya kamfanin Dominion mai ƙera na'urorin zaɓe sama da dala miliyan 787 a 2023 kan ƙarairayin zaɓen 2020. Son kan manyan tashoshi game da Afirka ya fi fitowa a taƙaitawa. Wakili ɗaya a Legas ko Dakar ko Nairobi yana riƙe da ƙasashe da dama, bidiyon kuma sau da yawa na kamfanonin dillancin labarai ne, Reuters ko AP ko AFP. Shi ya sa tasha biyar za su nuna hoto iri ɗaya, mai kallo ya zaci shaida biyar ya samu. Rikicin gona da burtali kuma sai a mayar da shi faɗan addini, don shi ne abin da mai kallo a Landan zai gane cikin daƙiƙa 90.

Wanda ke son auna tasha, ya ɗauki labari ɗaya a dare ɗaya a tashoshi uku, da agogo a hannu. Ya duba a wane matsayi aka sa shi, daƙiƙa nawa ya samu, wa aka bari ya yi magana da muryarsa, wa kuma aka ce "ya musanta" kawai. Ya saurari fi'ili: an ce "an kashe su" ko "sun mutu", kuma an faɗi wanda ya kashe? Adadin mamata daga 'yan sanda ya fito, ko daga asibiti, ko daga "majiya"? Dare ɗaya ba ya isa hukunci, don kowace tasha tana iya makara da bidiyo. Idan aka yi mako guda ɓangare ɗaya ne kullum ke rasa murya, wannan tsarin gidan ne.