Wata biyar da na yi da bututun iska mai sanyi a motata

Motata Corolla ce ƙirar 2005, irin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka an ɗan hau. Injinta lita 1.8 ne, a takarda kuma ƙarfinsa ya kai na dawakai kusan 130. Ba ta taɓa ba ni kunya a hanya ba. Abin da ya ja ni na taɓa ta shi ne bidiyoyin samarin Amurka da nake kallo da daddare: mutum ya kwance baƙin akwatin robar da matatar iska take ciki, ya ɗaura bututun ƙarfe mai ƙyalli da wata jar matata mai siffar mazurari a bakinsa, ya taka totur, mota ta ɗauki gurnani. Masu tallan kayan suna cewa iska mai sanyi za ta riƙa shiga inji, ƙarfi ya ƙaru. Na yi oda ta intanet, kaya suka iso Kano a watan Oktoba.

Maganar tasu tana da tushe, shi ya sa ma ta kama ni. Inji ba ya ƙona fetur sai da iska, kuma ma'aunin da kwamfutar mota take bi shi ne kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na fetur. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, don haka silinda takan ɗauki mai yawa a shaƙa ɗaya, kwamfuta ta ƙara fetur daidai da ita, fashewar ta fi ƙarfi. Tsakanin iska mai zafin digiri 20 da mai 40, bambancin nauyin ya kai kashi 6 cikin ɗari. Duk direban da ya taɓa kama hanyar Zariya da asuba a watan Janairu, ya kuma bi ta da azahar a Afrilu, ya san motar ba ɗaya take ja ba.

Bakaniken da yake duba mini mota dattijo ne, ya girmi mahaifina ma. Da na miƙa masa kwalin, ya juya matatar a hannunsa, ya ɗaga ta saitin rana, ya ce, "Alhaji, dubi nan. Kana ganin haske ta cikinta?" Ina kuwa gani, ƙananan ɗigo-ɗigo na haske kamar ta rariya. Na ce, "Baba, ai mai ake shafa mata, man ne yake kama ƙura." Ya ce to, motarka ce. Ya ɗaura cikin rabin awa, ya sa yaronsa ya ɗaure tsohon akwatin a buhu ya ajiye mini.

Ranar farko na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Da na taka totur a hanyar fita gari, wata murya mai kauri ta taso daga ƙarƙashin bonet, na ji kamar an sake mini mota. Sati biyu ina gaya wa abokai cewa ta ƙara ƙarfi, kuma har zuciyata na yarda da hakan.

Abin da ya fara sa ni shakka ɗan ƙaramin sikana ne da nake da shi, wanda ake soka shi ƙarƙashin sitiyari ya riƙa aika bayanan inji zuwa waya. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wannan kafar. Cikin abubuwan da yake nunawa akwai zafin iskar da take shiga inji. A cunkoson kasuwa da rana, sai na ga lambar tana hawa har ta haura digiri 60, alhali a waje zafin bai kai 40 ba. Na tsaya na buɗe bonet na duba da kyau. Jar matatar tana zaune ne a cikin ɗakin inji, tana shaƙar hucin da fankar lagireto take hurowa. Tsohon akwatin kuwa, da na kwance buhun na bi bakinsa da ido, hancinsa yana miƙewa ne zuwa gaba, can wajen bayan fitila, inda iskar waje take. Ashe abin da na cire shi ne yake kawo iska mai sanyi, wanda na saya ya koma kawo mai zafi. Kuma iska mai zafi ba nauyi kaɗai take ragewa ba. Tana sa fetur ya nemi fashewa kafin lokacinsa, sai kwamfuta ta jinkirta tartsatsin fulogi don ta kare injin, ƙarfi ya ƙara sauka.

Ban haƙura ba. Na sa aka ƙara wa bututun tsawo, aka saukar da matatar ƙasa bayan bamba, kamar yadda na ainihin suke. Zafin iskar ya sauka, ya dawo kusa da na waje muddin mota tana tafiya. Sai na shiga gwaji: wuri ɗaya a hanya, lokaci ɗaya da safe, giya ɗaya, daga gudun kilomita 60 zuwa 100, ƙanina yana riƙe da agogon waya. Muka yi da sabon bututu, muka mayar da akwatin muka sake yi. Bambancin da muka samu bai wuce wanda ake samu tsakanin gwaji biyu na abu ɗaya ba. Wani lokaci ma akwatin ne yake gaba.

Daga baya na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Ko da bututu zai sauke zafin iska da digiri 20 cur, kashi 6 na dawakai 130 bai kai 8 ba, kuma wannan a takarda ne. Akwatin kamfani tuni yana jan iskar waje, don haka babu digiri 20 da za a sauke. Abin da ya rage shi ne sauƙin wucewar iska, shi kuma ba ya aiki sai an taka totur har ƙasa, inji yana juyi kusan 6,000 a minti, lokacin da yake zuƙar iska kusan lita 5,000 kowane minti. A tuƙin yau da kullum, murfin totur ne yake tare iska da gangan, a buɗe yake kaɗan. Ko bututun ya kai faɗin bokiti, iskar da totur ya bari ita ce za ta shiga. Ni kuwa sau nawa nake kai allura 6,000 tsakanin gida da shago? Ƙarar da ta ruɗe ni ma tana da dalili: a jikin bututun kamfani akwai wasu ɗakunan roba da aka yi su don su shanye ƙarar shaƙar iska. Da aka cire su sai ƙarar ta fito, kunne ya ji, jiki ya ɗauka gudu ne.

Ba ina cewa babu motar da take amfana ba. Mai turbo, wato na'urar da take cusa ƙarin iska cikin inji, ko wadda aka yi wa aikin inji aka sake saita kwamfutarta, tana bukatar iskar da ta fi ƙarfin akwatin asali, kuma a can ƙarin yana fitowa a na'urar auna ƙarfi. Ƙaramin inji irin nawa da ba a taɓa komai a cikinsa ba, ɗan abin da zai samu yana can ƙarshen allura.

Hunturu ne ya yanke hukunci. Ƙurar da take rufe mana sama daga Nuwamba zuwa Maris, mai yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska take kwaso ta, kuma laushinta ya fi na garin tuwo. Kowace lita ɗaya ta fetur da inji ya ƙona, sai iska sama da lita 9,000 ta bi ta cikin matata. Kafin ƙarshen Disamba jar matatar ta koma ruwan ƙasa. Na wanke ta, na shanya, na shafa mata mai, kuma na cika hannu wajen shafawar. Bayan 'yan kwanaki fitilar gargaɗin inji ta kama, mota ta fara shaƙewa idan na tashi daga tsaye. Sikana ya nuna P0171, wato iska ta rinjayi fetur. Baba ya zaro sensar da take auna iska, ya nuna mini siririyar wayar da take cikinta, wadda ba ta kai kaurin gashi biyu ba, ta yi baƙi da mai da ƙura. Wayar da ta yi datti tana gaya wa kwamfuta cewa iskar da ta shiga kaɗan ce, sai a rage fetur.

Ya fesa mata maganin wanki, sannan ya kwance bututun ya ce, "Alhaji, sa yatsanka ciki." Na shafa bangon ciki, ɓangaren da ya wuce matata, inda bai kamata a sami komai ba. Yatsana ya fito da jan gari mai laushi, na murza shi na ji ɗan kaushi-kaushi. Wannan garin yashi ne, kuma hanyarsa ɗaya ce: cikin silinda, tsakanin fistin da zobensa, yana cin ƙarfe a hankali har inji ya fara shan baƙin mai. Gabana ya faɗi, don wata uku ke nan injina yana shaƙarsa.

Daga nan ya ja ni bayan gareji, ya ɗauko wani sandan fistin daga cikin tarkace. A lanƙwashe yake kamar lauje. Ya ce na wata mota ce da ta shiga ruwa da damina, inji ya zuƙi ruwa, shi kuwa ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sai ƙarfe ya sunkuya. Ya nuna inda matatata take rataye bayan bamba, ƙasa da gwiwata, ya ce, "Ka tuna yadda layinku yake zama a watan Agusta."

Duk da haka sai da na ƙara wata biyu kafin na saki, saboda kuɗin da na kashe da kuma son ƙarar. A watan Maris muka mayar da akwatin, muka sa sabuwar matatar takarda, muka juye baƙin mai. Motar ta yi shiru kamar da, kuma a hanyar Zariya tana wuce tirela yadda ta saba. Bayan wata guda na kwance bututun robar da kaina a ƙofar gida, na zura yatsa har inda ya kai, na fito da shi fes.